Wa Ya Karya Haƙoran Dattijo?

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba zan ɓoye ba rabinta zargi ne, ni Sufeto, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, a madadin kaina da iyalina da sauran kayan aikin da ke rataye a bangon garejina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar zartona, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Asabar, mako uku ke nan, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe, a cikin garejin gidana, a gaban manyan mutane uku masu hankali da lafiyar ido, waɗanda har yau babu wanda ya ga komai a cikinsu. An jinkirta wannan sanarwa ne saboda bincike.

Marigayin ya haura shekara hamsin a duniya. Ba ni na saye shi ba, gadonsa na yi daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda shi ma ba kafinta ba ne, tela ne, sai dai in keken ɗinki ya ishe shi yakan huce a kan katako. Mariƙin Dattijo na jan itace ne, kuma a gefe ɗaya akwai ɗan gurbi inda babban yatsan Baba ya cinye shi a hankali, shekara da shekaru. Ranar da na fara riƙe shi na tarar yatsana ya zauna a gurbin daram. Haƙoransa ɗari da saba'in da shida ne. Na sani domin duk wata uku nakan zaunar da shi in bi su da magagari ɗaya bayan ɗaya, ina wasawa ina ƙirgawa, kuma ban taɓa samun giɓi ba.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri da riƙon amana. Bai taɓa neman wutar lantarki ba, bai taɓa cewa batirinsa ya ƙare ba, bai taɓa tashin jaririn maƙwabta daga barci ba. In ka ja masa layi da fensir, kan layin zai bi, ba ya leƙen dama ko hagu. Maganarsa kaɗan ce. In ya shiga farin katako mai laushi sai ka ji yana cewa "shuu, shuu, shuu," kamar mai lallashin yaro. In ya gamu da jan katako mai taurin kai sai muryar ta koma "ƙarr, ƙarr," ba faɗa ba, nasiha. In ya kusa fita kuwa yakan sassauta, ya ce "ƙwas," guntun ya faɗi ƙasa, shi ke nan. Da na mayar da shi kan turken katakon da yake kwana, sai ruwansa ya ɗan yi rawa ya ce "wiiin," wato sai an jima. Mako uku ke nan nake shiga gareji in tsaya kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Shi ya yanka katakon gadon jaririn da 'ya'yana huɗu da jikoki biyu suka kwanta a kai. Shi ya yi kantar littattafai, da ƙofar akurkin kaji, da teburin da muka ci abinci a kansa shekara goma sha biyu kafin gara ta cinye masa ƙafafu. Ya rasu ya bar guduma ɗaya, abokiyar zamansa a bango, da magagari, wanda shi ne wanzaminsa kuma yanzu ba shi da aikin yi, da gizago, da fensir guntu, da samfefa masu yawa, da ni.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu huɗu ne muke haɗuwa a garejina kowace Asabar da safe, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma babu kafinta ko ɗaya a cikinmu, sha'awa ce kawai. Akwai Likita, likitan haƙori, wanda ƙafarsa ba ta iya wuce shagon kayan aiki ba ta shiga ba. Akwai Direba, wanda ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota, mai saurin hannu da gajen haƙuri. Akwai Hedimasta, aminina na shekara talatin da huɗu, tun ina duba tikitinsa kowace Litinin a hanyarsa ta zuwa makaranta. Bahago ne. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙa'idojinmu ba su da yawa, kuma ni na kafa su tunda garejin nawa ne. Duk wanda ya sayi sabon kayan aiki zai kawo shi ranar Asabar, a zagaye shi, a ɗaga a juya, kowa ya taɓa, a yi wa mai shi barka. Amma kafin baƙon ya sa baki a katako, Dattijo ne zai fara yanka, don girmamawa. Duk tsohon katakon da za a yanka kuma sai an bi shi da mayen ƙarfe tukuna, ciki da baya, ko akwai ƙusa a ɓoye. Katakon da ya fito daga aikin hannuna ne kawai ba a bi, domin kowa ya san ni ba na aiki da ƙusa. Ƙusa aikin malalaci ce, na faɗa na maimaita har bakina ya gaji. Mai aikin ƙwarai ya huda rami a wannan katako, ya fiƙe bakin wancan, ya shafa gam ya haɗa su su riƙe juna. Duk wanda aka kama da ƙusa a aikinsa zai yi Asabar huɗu a kan bokitin fentin da muke kifewa a bakin ƙofa, mu muna kan kujeru, kuma shi zai share garin katako in an tashi. Direba ya zauna a bokitin nan har bokitin ya lotsa.

Rashin lafiyar marigayin gajeriya ce, minti goma sha biyu. Ranar Likita ya zo da sabon zarton lantarki a cikin akwati ruwan ɗorawa, mai faifai zagayayye, har da wata 'yar jar fitila wai ita ke nuna layi, saboda idon ɗan Adam ya daina aiki. Ya rungumo shi kamar an yi masa haihuwa. Muka zagaye, muka taɓa, muka yi barka. Ni na kawo katakon gwaji, falanki ɗaya daga saman tsohon teburin nan namu, na ɗora shi a kan benci na ja masa layi da fensir daga wannan kai zuwa wancan. Ina miƙa hannu zan sauko da Dattijo sai mai ɗakina ta leƙo ta ce babbar 'yarmu ce a waya. Na ce a jira ni, na shiga falo. Ta miƙa mini wayar ta koma kicin.

Ina tsaye waya a kunne na ji muryarsa ta cikin bango. "Shuu, shuu, shuu." Na ce a raina, wa ya taɓa mini zarto ba na nan? Sai na ji "ƙyas!" Sautin da ban taɓa ji daga bakinsa ba a shekara hamsin. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Na so in ajiye wayar, amma jikata ce aka ba ni tana rera mini karatun da ta koya, kuma ba a katse wannan.

Da na dawo na tarar da gareji tsit. Tsofaffi uku da ba sa iya shiru ko a asibiti, sun yi tsit. Likita yana naɗe wayar sabon zartonsa, faifan fes, ko ƙurar katako babu a jikinsa. Direba yana shara, alhali ba a kan bokiti yake ba a wannan watan, kuma Direba bai taɓa ɗaukar tsintsiya don Allah ba. Hedimasta yana goge tabarau da bakin rigarsa, yana ta gogewa kamar zai huda gilashin. Falankin da na ja wa layi babu shi a kan benci, babu shi a ƙasa. Dattijo yana rataye a turkensa. Na sauko da shi na ɗaga shi a haske. Haƙora biyar sun fita a tsakiya, kuma daga giɓin tsaga ta hau ruwansa tsawon yatsa.

Na tambaya a hankali, Allah Ya sani ban ɗaga murya ba a karon farko. Likita ya ce shi yana karanta takardar da ta zo da zartonsa. Direba ya ce ya fita gyara fakin ɗin motarsa. Hedimasta ya mayar da tabarau ya dubi ƙasa ya ce, Sufeto, ƙarfe ma yana tsufa. Na tambayi ina falankina. Suka dubi juna, suka dubi rufi, kamar falanki yana tashi sama.

An yi iya ƙoƙari a kan marigayin. Na naɗe shi a tawul na kai shi wurin mai walda, ya juya shi sau biyu ya girgiza kai, ya ce ƙarfen ya yi siriri saboda yawan wasawa, wuta tana taɓa shi zai lanƙwashe. Ya ce haƙora irin waɗannan ba sa fita a kan itace, sai sun gamu da ƙarfen da ya fi su tauri. Na gode masa na dawo gida. Wato wani ya ɗauki zarton mahaifina ya ɗora shi a kan ƙarfe, ya mayar da gawar turke, ya ɓatar da shaida, sauran biyun kuma suka rufa masa.

Shekara talatin na yi ina bin tarago-tarago ina duba tikiti. Na san mai barcin gaske, na san mai barcin da ya fara daidai lokacin da ya hango hulata. Saboda haka iyalan marigayin suna sanar da cewa ba su karɓi wannan rasuwa a matsayin tsufa ba, kuma ga inda bincike ya tsaya.

Likita yana da dalili. Shekara goma sha huɗu yana kawo injuna masu fitila da ƙara, kowanne sai ya tsaya a layi bayan tsohon zarto mai mariƙin itace, kuma na sha ganin yadda yake duban agogo in Dattijo yana yanka. Ban da haka, haƙora biyar sun fita, na rarrafa a ƙasan gareji da mayen ƙarfe har gwiwata ta yi tsami, ban samu ko ɗaya ba. A cikinmu wa ya saba cire haƙori ya ajiye? Tun ranar kuma yake turo mini hotunan zartuna a waya, wai in zaɓi ɗaya kyauta. Ni a sanina mutumin da bai yi komai ba ba ya tashi haka kawai da kyauta.

Direba ya fi shi dalili. Ba wanda ya sha bokiti kamarsa, kuma ni ne nake kama shi kullum, domin ƙusarsa ko makaho ya shafa zai ji. Mutumin da ya taɓa buɗe gwangwanin fenti da bakin gizagona ba abin da ba zai yi ba. Shararsa ta ranar ba tsafta ba ce. Ya ce ya fita gyara fakin, amma motarsa tana inda ya bar ta, a karkace, ƙafa ɗaya a kan furannin mai ɗakina, yadda take kowace Asabar. Shi ma ya aiko da kwandon lemo. Ban ci ba, na ba yaran maƙwabta, suna nan lafiya, amma wannan ba hujja ba ce.

Mai ɗakina ba ta fita daga zargi ba, kuma ta sani. Ta taɓa yanka sandar labule da marigayin shekara takwas da suka wuce, maganar da ta ɗauka na manta. Gaskiya ne ba ta cikin gareji a lokacin, amma ita ta kira ni, kuma daidai lokacin da hannuna ya kai turke. Na buga wa 'yar tawa waya na tambaye ta ko wani ne ya sa ta kira, ta yi dariya ta ce, haba Baba, gaisuwa ce. Gaisuwa ta minti goma sha biyu ranar Asabar da safe. To, na ji.

Yanzu mu dawo kan Hedimasta, kuma wallahi hannuna yana nauyi. Ni in na rataye Dattijo, haƙoransa taga suke kallo, haka mahaifina yake yi, haka duk mai hannun dama zai yi ba tare da ya yi tunani ba. Ranar na same shi haƙoransa suna kallon ƙofa. Hannun hagu ne ya rataye shi. Bahago ɗaya ne ya taɓa shiga garejin nan.

Na so a ce Likita ne. Na fi so a ce Direba ne, da na ba shi bokiti na shekara guda na huce. Amma Hedimasta ne ya riƙe mini jariri a gadon nan ranar da mai ɗakina take asibiti, shi ya san yatsan wa ya yi gurbin da ke mariƙin, shi kaɗai na taɓa bari ya yanka da Dattijo ba na tsaye a kansa. Ba karyewar ce ta fi ci mini rai ba, hannu yana kuskure. Da ya ce, Sufeto, ni ne, da na yi fushin kwana biyu mun wuce wurin. Amma ya dubi ƙasa ya ce ƙarfe yana tsufa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa yara durƙuso a kan ƙarya ya yi mini ƙarya a garejina, a gaban gawa.

Sau uku ya zo ƙofar gidana tun daga ranar, yana dogara sandarsa. Sau uku na aika a ce masa ina wanka. Na ƙarshen da azahar ne, kuma na ji shi yana gaya wa mai ɗakina cewa Sufeto ya zama mai tsafta ƙwarai kwanan nan. Yanzu labari ya zo mini cewa yana haɗa kaya, babbar mota za ta zo ranar Litinin ta kai shi gidan ɗansa, tafiyar yini guda daga nan, zama na dindindin. Mai ɗakina ta ce tun wata shida aka shirya tafiyar saboda gwiwarsa, kuma ni ma na sani, har ni na haɗa masa akwatin littattafai. Na sani ɗin. Amma a jirgi, duk wanda ya tashi ya canja tarago daidai lokacin da na shigo, ba iska yake nema ba.

Saboda haka gareji yana kulle Asabar uku ke nan, kuma zai ci gaba da zama a kulle har sai wanda ya yi wannan aiki ya zo da ƙafarsa, da falankina a hannu, ya faɗa da bakinsa. In Litinin ta riga shi, to ta riga shi. A nan na so in rufe wannan sanarwa.

Ƙarin bayani, ranar Juma'a da safe.

Abin da ke sama jiya na rubuta shi. Yau bayan mun karya na karanta wa mai ɗakina, don ta ji inda sunanta ya fito kafin in manna a ƙofar gareji in kuma tura wa jama'a. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, wanda shi ma abin zargi ne. Da na kai kan Hedimasta da canja tarago sai ta ajiye kofinta.

"Malam, ka gama?"

Na ce na gama. Ta tashi ta shiga sito, na ji tana jan buhuna, ta fito da wani abu dogo naɗe a tsohon labule ta shimfiɗa shi a gabana. Falankina ne. Ga layin fensir ɗina, ga yankan Dattijo ya bi layin tsaf har tsawon taki ɗaya, ya tsaya. A ƙasan yankan wani abu yana ƙyalli. Ta fito da mayen ƙarfe daga aljihun rigarta ta ɗora. Ya manne taf. Ta ja shi gaba kaɗan, ya sake mannewa. Ta ƙara ja, ya manne na uku.

Na ce to ga shi nan, dasa su aka yi, kuma Direba ne, domin shi ne mai ƙusa. Ta juya gefen falankin wajen taga. Sai da na sa tabarau na karkata kai kafin na gan su, tabo uku zagayayyu, launinsu ɗaya da katakon, an cike su da gam da garin katako an goge da samfefa har yatsa ba ya jin komai. Aiki ne mai kyau. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya iya ɓoye rami haka.

"Ranar Laraba ce," in ji ta, "yara suna makaranta. Falankin ya tsage a baki ɗaya, ga abokanka za su zo Asabar ganin sabon tebur. Ni na danne maka shi da gwiwata. Ka buga ƙusar kankare uku ta gefe don ita kaɗai ce a gidan, ka cike ramukan, ka ce in na gaya wa wani ba ka yafe ba. To ban gaya wa kowa ba. Kai ne dai ban san ba ka gaya wa kanka ba."

Jama'a, na tuna. Ina zaune a kujera abin ya dawo mini gaba ɗaya, har zafin ranar da yadda na rufe ƙofa don kada maƙwabta su ji bugun guduma. Asabar ɗin da ta biyo na tsaya a gaban teburin na buga ƙirji na ce a nemo ƙusa ɗaya a jikinsa. Na faɗa a shekara ta biyu, na faɗa a ta biyar, na faɗa wa baƙi, na faɗa wa surukai, har na wayi gari ni ma na yarda. Da hannuna na ɗauko falankin nan na ɗora a benci, da hannuna na ja layin da ya ratsa ta kan ƙusoshin.

Sauran labarin daga bakin Hedimasta ta ji shi, domin shi ya zagayo ta ƙofar kicin da falankin a hammata ina can ina sauraron karatun jikata. Da na shiga falo Likita ya kasa haƙuri, ya jona zartonsa zai fara. Hedimasta ya tare shi ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce ko Sufeto ba ya nan, Dattijo ne farko. Direba ya ɗauko mayen ƙarfe zai bi katakon. Hedimasta ya ce ajiye, wannan aikin Sufeto ne, ba a bi. Ya sa hannunsa na hagu ya yanka da ƙarfinsa, hankali kwance, saboda ya yarda da ni. Da abin ya faru suka leƙa cikin yankan, su uku, suka ga abin da na gani yau. Likita ya tsince haƙoran ya sa a aljihu. Direba ya ɗauki tsintsiya. Hedimasta ya ce wa mai ɗakina ta ƙone falankin kada in gani, wai zarton ya riga ya tafi, kada a haɗa wa Sufeto rashi biyu a rana ɗaya. Ba ta ƙone ba saboda da gas muke girki, kuma ta yi masa alkawarin shiru, ta riƙe har sai da ta ji zan manna sunansa a ƙofa.

Na daɗe ina kallon falankin. Na yi tunanin cewa da faifan lantarkin nan ne ya fara cin ƙusar kankare da gudunsa, hannun Likita yana kusa, da yanzu wata sanarwar ake rubutawa ba wannan ba. Sannan na tuna Direba. Mutumin da na ɗora a bokiti ina masa wa'azi a kan lalaci, ya ga ƙusa uku a katakona da idonsa, ya samu abin da zai yi mini dariya da shi har kabari, sai ya ɗauki tsintsiya ya yi shiru, ya aiko mini da lemo. Ni kuwa na ba yara su fara ci in gani. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na yi kuka a gaban mai ɗakina, ba na zarto ba.

Ban goge ko kalma ɗaya daga abin da na rubuta jiya ba, a bar shi kowa ya karanta. Gyara ɗaya kawai iyalan marigayin suke yi. Dattijo bai rasu da tsufa ba, kuma ba hannun hagu ne ya kashe shi ba. Ƙusar mai shi ce.

Za a yi bankwana da marigayin gobe Asabar da ƙarfe tara na safe a garejin, wanda za a buɗe tun takwas. Ana roƙon Likita ya zo da haƙora biyar ɗin don a haɗa gawar, ya kuma zo da sabon zartonsa, wanda har yau bai sa baki a katako ba saboda ni. Zai yi yankansa na farko bayan an bi katakon da mayen ƙarfe, kuma daga gobe katakona ne farkon wanda za a riƙa bi. Direba ne zai riƙe mayen. Za a zare ƙusoshin uku a gaban kowa a ɗaure su da zare a rataye a turken da Dattijo yake kwana. Ruwan marigayin za a kai wa mai walda ya yanka shi gida uku, a wasa, kowa ya samu abin kankare katako. Mariƙin kuwa na Hedimasta ne, ya tafi da shi gidan ɗansa. Na san yatsansa ba zai zauna a gurbin Baba ba, sai ya yi nasa a ɗaya gefen.

Ba a buƙatar kyauta ko lemo. Wanda dai ya san inda tef ɗin awona yake tun watan jiya, ya ajiye shi a kan benci ba tare da ya dubi kowa ba, ba za a yi bincike ba, duk da cewa ina da wanda nake zato. Akwai kujeru uku da shayi. Masu zuwa ta'aziyya kada su nemi mai rashin a kan kujera, yana bakin ƙofa a kan bokiti, da tsintsiya a gefensa, gobe da Asabar uku bayanta.

Hedimasta kuma kada ya wahalar da gwiwarsa zuwa ƙofata karo na huɗu. Ni zan je tasa da ƙarfe bakwai da rabi in taho da shi. In ya aiko a ce mini yana wanka, zan zauna a bakin ƙofar in jira, ko da wankan zai kai Litinin.